Wa Ya Kashe Wutar Tukunyar Asuba?

Tun da sanyin bana ya kama, maganar da ta cika shafukanmu ita ce ta shugabancin jam'iyya. Wane ne halastaccen shugaba, wace kotu ce ta ba da umarni, wacce ce ta jingine shi, wa aka gani a gidan wa da daddare. Ina nan kan bakana cewa a wannan rigima gaskiya tana ɓangarenmu, kuma ba zan fasa faɗa ba. Amma yau ina roƙon 'yan uwa mu ɗan ajiye takardun lauyoyi, mu leƙa tsakar gida da misalin ƙarfe biyar na asuba, wajen murhu, domin a can ma ana yanke mana hukunci, kuma shi babu ɗaukaka ƙara. Maganar ruwan zafi zan yi. Eh, ruwan wanka da na alwala, wanda yanzu yake ƙarewa a gidaje kafin a kai kan kowa. Mai dariya ya yi dariyarsa, amma ya daure ya karanta zuwa ƙarshe.

Duk wanda ya tashi a gidan yawa ya san tsarin. Mai girki ce ke riga kowa tashi, ta hura wuta, ta ɗora babbar tukunya. Butar farko ta maigida ce, zai tafi masallaci. Ta biyu ta tsohuwa ce mai ciwon ƙafa, wadda in ruwan sanyi ya taɓa ta sai ta wuni tana ɗingishi. Sai 'yan makaranta, a jera su, a surka wa kowa rabin bokiti. A da in tukunya ta yi ƙasa sai a ƙara ruwa a tura icce, shi kenan. Yanzu ba a ƙarawa, saboda ɗan gawayin da ya rage na ɗumamen tuwo ne, in aka taɓa shi to ba za a karya ba. Sai ka ji an ce ruwa ya ƙare, na baya su wanke fuska da hannu da ƙafa, a shafa mai a tafi. Su wa ye na bayan? Ƙananan da ba su da ƙarfin rige-rige, sai kuma ita wadda ta hura wutar. Ita ta fara tashi, hayaƙin a idonta ya ƙare, kuma ita ce za ta jira rana ta ɗaga ta ɗumama mata ruwa a baho.

Daga nan ne ƙananan fitintinu ke tsirowa. Yaro ya isa makaranta a makare ko fururu da shi, ya sha bulala. Amarya ta ce uwargida ta ƙarar da gawayi ranar girkinta, uwargida ta ce ai ita 'ya'ya bakwai take yi wa wanka. A kawo wa maigida ƙara, shi kuwa ya sani sarai ba laifin kowaccensu ba ne, kuɗin cefanen da ya ajiye ne ba su kai ba. To da yake ba zai iya faɗin haka ba, sai ya rufe kunyarsa da faɗa. Wallahi gidaje da yawa da ake cewa ba a zaman lafiya, in ka bi sawun rigimar, a bakin murhu za ka tarar da ita.

Bari mu yi lissafi, don kada a ce surutu ne kawai. Bokiti mai cin lita 20, na ruwan da ya kwana a waje cikin sanyin Janairu, kafin ya yi ɗumin da mutum zai iya wanka da shi yana cin kusan kashi bakwai cikin goma na yunit ɗaya na lantarki. Ko ka tafasa kaɗan ka surka, ko ka ɗumama shi duka, lissafin bai canza ba. Gida mai mutum goma yunit bakwai kenan a kowace safiya. A watan Afrilun 2024 hukumar da ke tsara farashin lantarki ta ɗaga kuɗin yunit ɗaya ga 'yan rukunin Band A daga kusan naira 68 zuwa 225. An ɗan rage daga baya, amma bai sauko ƙasa da 200 ba. Yunit bakwai sau 200, naira 1,400 a rana, 42,000 a wata. Mafi ƙarancin albashin da aka sa wa hannu a Yulin 2024 kuwa naira 70,000 ne. Ko shayi ba a dafa ba fa, wanka kawai aka yi.

Na san za a ce ai talaka ba ya Band A. Haka ne. Talaka yana rukunin da kuɗinsa ke da sauƙi amma wutar ba ta zuwa lokacin da ake nemanta. A takarda, Band A awa 20 aka yi musu alkawari a rana, rukunin ƙarshe kuwa awa 4, kuma babu wanda ya ce awa huɗun nan da asuba za su faɗo. Shi ya sa ake yin abin da ke janyo asara duk shekara: a jefa hita a bokitin roba, a ɗauke wuta, a manta ba a zare ba, a dawo da ita ƙarfe biyun dare kowa na barci. Ruwa ya ƙone, roba ta narke, labule ya kama. Jami'an kashe gobara ba sa gajiya da jan kunne a kan wannan duk hunturu, kuma suna da gaskiya. Sai dai matar da ta bar hitar a jone ba sakarci ne ya sa ta ba, farautar wuta take yi, ba ta san lokacin da za ta gifta ba. Kuma ba mu manta da Oktoban 2024 ba, lokacin da aka lalata layin Shiroro zuwa Kaduna, sannan na Ugwuaji zuwa Apir ya samu matsala, mafi yawan Arewa ta kwashe sama da mako guda cikin duhu. Ranar kowa ya gane cewa yanki guda a zare biyu yake rataye.

Gas fa? Kilo ɗaya, in aka cire zafin da ke tserewa ta gefen tukunya, zai ɗumama bokiti tara ko kusa da haka. Gidan mutum goma na buƙatar fiye da kilo a rana kenan, kuma tun a 2024 kilo ya haura naira 1,000. Shekarun baya an yi ta kiran mutane su bar icce su koma gas, aka ce ya fi tsafta, ya fi sauƙi, kuma gaskiya ne ya fi tsafta. Mata suka yi adashi suka sayi ƙaramar tukunyar gas. Je ka duba yau, a gidaje da yawa tana bayan ƙofa an ɗora mata kwanuka. Wannan a ƙasar da ke da ajiyar iskar gas sama da kubik fit tiriliyan 200 a ƙarƙashin ƙasa, wadda a 2021 gwamnatinta ta yi shelar shekaru goma na gas, kuma har yau ana ƙona wani a iska a yankin Neja Delta. Shi kuwa kalanzir, tun da aka janye tallafinsa a 2016 ya yi sallama da talaka, yanzu litarsa ta fi ta fetur tsada. Risho ya zama abin ba yara labari.

Wasu daga cikinmu in an yi wannan magana sai su ce a jira bututun Ajaokuta zuwa Kaduna zuwa Kano. Aiki ne babba, kilomita 614, an ƙaddamar da shi a Yunin 2020, an kuma sha ɗaga ranar gama shi. Muna fatan alheri. Amma mu daina yaudarar mutanenmu: gas ɗin da zai bi ta wannan bututu na tashoshin lantarki ne da masana'antu, ba irin wanda ake ɗurawa a tukunyar girki ba ne. Zai iya taimaka wa wuta, amma ba zai cika wa Iya silinda ba.

Saura icce da gawayi, inda kowa ya faɗo. Mai gas ya dawo gawayi, mai gawayi ya dawo icce, masu saye suka ƙaru, kaya bai ƙaru ba. Daji ya yi nisa, wanda ya rage kuma, irin su Rugu da Kamuku da dazukan Birnin Gwari, 'yan bindiga sun hana shiga cikin kwanciyar hankali. Motar da za ta ɗauko kayan mai take sha, kuma tun ranar 29 ga Mayun 2023 da aka ce tallafin fetur ya tafi, kowane buhu da kuɗin motarsa a kansa yake isowa. A ƙarƙashin mai icce akwai wani mataki da ba ma son ambata: kara, buntun shinkafa, kashin shanu, sai leda da tsofaffin silifa. Ka bi lungu da asuba ka shaƙi warin da ke fitowa ta saman katanga, za ka san me aka sa a murhu. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙiyasta cewa hayaƙin cikin gida yana kashe kimanin mutum miliyan 3 a shekara a faɗin duniya. Wa ke tsugune a gaban hayaƙin nan a wajenmu? Uwa, da goyon da ke bayanta.

Inda abin ya fi ciwo shi ne gidan da aka yi haihuwa. A al'adarmu mai jego wankan ruwan zafi take yi safe da yamma har ta yi arba'in, da ganyen darbejiya ko wanda aka saba da shi a yankin. A da, tun ciki na wata bakwai miji ke fara tara iccen jego, kuma abin kunya ne a ce haihuwa ta zo bai tanada ba. Yau magidanta nawa ne ke iya tara iccen kwana arba'in bayan kuɗin asibiti da ragon suna? Sai a mayar da yarinya gidan iyayenta da sunan wankan gida, alhali nauyin icce ne aka sauke wa surukai. A gefe guda, gaskiya ne likitoci sun daɗe suna gargaɗi, tun binciken da aka yi a Zariya a shekarun 1970, cewa wuce gona da iri wajen zafin ruwa da kwanciya kan gadon wuta da yawan kunun kanwa yana da alaƙa da ciwon zuciya bayan haihuwa. A saurare su. Amma babu likitan da ya ce a yi wa jaririn kwana uku wanka da ruwan randa a watan Disamba. Rage zafi bisa shawarar likita daban, rashin abin hura wuta daban.

Akwai masu cewa kakanninmu da ruwan sanyi suka yi wanka ba su mutu ba. Wannan magana yawanci daga bakin wanda ke da injin ɗumama ruwa a banɗakinsa take fitowa. Kakanninmu suna da daji a bayan gari, suna da kara a gona, suna da murhu a tsakar ɗaki duk dare. Jikansu da ke haya a ɗaki ɗaya a birni ba shi da ko ɗaya.

Maganar da ta fi wannan nauyi ita ce ta masu cewa farashin mai da gas da lantarki duk sha'anin tarayya ne, mu a jiha me za mu iya? A nan nake so mu yi wa kanmu adalci. Kafin zaɓen 2023 manyan 'yan takarar shugaban ƙasa uku duk sun ce za su cire tallafin fetur, don haka babu jam'iyyar da za ta wanke hannunta tas. Kuma bayan an cire, kason da jihohi da ƙananan hukumomi ke karɓa daga asusun tarayya ya ƙaru, wannan ba ɓoyayyen abu ba ne. Kuɗin da aka zare daga murhun talaka wani ɓangarensu ya dawo jiha. To ina suka shiga? Gyaran tsarin mulki da Dokar Lantarki ta 2023 sun ba jihohi damar samar da wutarsu da tsara kasuwarta. A Yulin 2024 Kotun Ƙoli ta ce a riƙa biyan ƙananan hukumomi kuɗinsu kai tsaye. A 2024 ɗin dai gwamnatin tarayya ta amince da manufar girki mai tsafta ta ƙasa. Takardu dai ga su nan. Duk ɗan majalisa ko ciyaman ko kansila da ya hau kujera da tutarmu, ya ce hannunsa a ɗaure yake, to ya nuna mana igiyar.

Kuma abin da ake nema ba gadar sama ba ce. Allah ya ba mu rana, ko cikin hazo tana aiki, duk da ƙarfinta kan ragu. Akwai na'urar ɗumama ruwa da zafin rana wadda ba ta buƙatar batir ko faranti mai ba da lantarki: bututai ne baƙaƙe a cikin akwati mai murfin gilashi, ruwa ya yi zafi ya hau tanki da kansa, tankin kuma a naɗe shi da abin riƙe zafi yadda ruwan yamma zai kai asuba da ɗuminsa. Cibiyar binciken makamashi ta Jami'ar Usmanu Ɗanfodiyo da ke Sakkwato ta daɗe tana ƙera irin wannan, da murhu mai tsimin icce. Masu walda a garuruwanmu, waɗanda ke ƙera injin niƙa da ƙofofin da ake kaiwa har Nijar da Chadi, ba wannan ne zai gagare su ba in an nuna musu sau ɗaya an kuma ba su oda. Na yarda ba kowane gida ne zai iya saye ba. Shi ya sa nake cewa a fara da ɗakunan haihuwa na ƙananan asibitoci, da makarantun kwana, da tsangayu, da masallatan unguwa inda za a sa famfo a waje mata su aiko yara su ɗiba. Almajirin da ke kwana a soro ma ɗan wani ne, kuma ƙazwar da ke cin su a hunturu ba ta rasa nasaba da makonnin da suke yi ba wanka.

Shi kuwa murhun duwatsu uku da muka gada, mafi yawan zafinsa iska yake ɗumamawa. Murhun da aka rufe gefensa, na laka ne ko na ƙarfe, yana rage cin icce sosai, kuma matan ƙauye na iya koyon ginin na laka cikin 'yan kwanaki. Batun itatuwa kuma ba sai mun je nesa neman darasi ba. 'Yan uwanmu manoman Maraɗi da Damagaram, tun daga shekarun 1980, suka koma barin kututture ya toho a gona maimakon a tumɓuke shi, su rage rassa su bar masu ƙarfi. Da wannan dabara aka farfaɗo da gonaki kimanin hekta miliyan 5, gawo ya dawo, mata suna samun icce daga sassabe ba tare da an kayar da bishiya ba. Harshenmu ɗaya da su, ƙasarmu iri ɗaya. Mu kuwa duk damina sai a yi bikin dashen itace, a ɗauki hoto, awaki su gama da sauran.

Yanzu ga inda maganar ta shafe mu a matsayinmu na ɓangare. Muna cewa mu ne masu riƙe da aƙidar talakawa, su wancan ɓangaren 'yan kasuwar siyasa ne. To mai ɗaki shi ya san inda yake masa yoyo, kuma talaka ba ya gane aƙida sai ta shigo gidansa. NEPU da aka kafa a 1950 ba da dogon turanci ta shiga zukatan mutane ba. Malam Aminu Kano da su Hajiya Gambo Sawaba maganar aikin tilas suka yi, da zaluncin masu karɓar haraji, da abin da ke hana talaka barci. Da PRP ta ci Kano da Kaduna a 1979, Abubakar Rimi da Balarabe Musa haraji da jangali suka soke, abin da kowane magidanci ya ji a aljihunsa. Shi ya sa har yau ake ambatonsu. Mu me za mu nuna? In duk bambancinmu da wancan ɓangare shi ne sunan wanda zai zauna a ofishin jam'iyya, to matar da ta yi alwala da ruwan ƙanƙara ba ta da dalilin fifita mu a kansu.

Kuma ita ce mai ƙuri'ar. Duk wanda ya taɓa tsayawa wakili a akwati ya san layin da ya fi tsawo, ya san su wa ke zuwa tun da sassafe da goyo su tsaya har la'asar. Mun saba mu tuna da su saura mako biyu zaɓe, da atamfa da taliya da sabulu. Sabulun ma da wane ruwa za a yi wanka da shi?

Don haka ga abin da nake kira gare shi, kuma zan kai shi gaban jagororinmu da bakina. Ƙarshen shekara ne lokacin da gwamnoni ke kai kasafin kuɗi majalisa, ana kuma zaman jin ra'ayin jama'a. Duk ɗan majalisar da ke amsa sunan namu, muna so mu ga layi a kasafin, da adadi a gabansa, na ruwan zafi a ɗakunan haihuwa da makarantun kwana na mazaɓarsa, da na murhu mai tsimi. In aikin mazaɓa zai yi, ya rage babura biyar cikin waɗanda ake raba wa 'yan gaban goshi, ya ba masu waldar garinsa aikin tanki. Duk mai neman tikiti a ƙarƙashinmu, kafin mu ɗaga hannunsa mu tambaye shi nawa ake sayar da ƙullin gawayi a unguwar da ya fito. In bai sani ba, ya je ya tambayo ya dawo, muna jira.

Ku kuma matasanmu na waya, masu kwana kuna mayar da martani, ƙarfin nan naku muna buƙatarsa a wani wuri. Kowa ya zagaya mazaɓarsa cikin makon nan. Nawa ne buhun gawayi, nawa ne ƙulli, nawa ne kilon gas a wajen mai ɗurawa na bakin titi, awa nawa aka samu wuta jiya, asibitin unguwa yana da ruwan ɗumi in mace ta haihu da dare ko sai 'yan uwa sun zo da fulas daga gida? A rubuta da sunan mazaɓa da kwanan wata, ba ƙari ba ragi, kada a ɗauki hoton matan mutane ko cikin gidajensu. A miƙa wa sakataren mazaɓa, mu tattara mu buga a nan, mu kuma kai kwafi majalisa. Ko a ƙaramar hukumar da namu ne ke mulki a rubuta abin da aka gani, kada a rufa wa kowa asiri.

Shugabannin mata na mazaɓu kuma, don Allah taron da za a kira kan wannan magana kada a sa shi da safe ko gab da magariba, lokacin suna bakin murhu. A sa shi bayan azahar, a wurin da za su iya zuwa da ƙafa, kuma su za a fara ba dama su yi magana kafin kowane mai babbar riga ya karɓi lasifika.